Takabar Husaina a Bemara

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
14 ga Fabrairu, 1979

Ƙanena Ƙasimu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa irin ta taubasai, da fatan sanyin Landan bai ƙarasa cinye ɗan naman da ka tafi da shi ba. Mu nan lafiya lau. An sha Mauludi, ni kuma na koma fama da 'yan aji biyar. Baba yana can gida Tarauni, ƙafar ce dai take tashi ta kwanta, amma yana fita masallaci da sandarsa.

Ta'aziyyarka ta rasuwar Malam Bello, mijin ƙanwata Husaina, ta iso, an gode. Yau kwanansa talatin da shida. Husaina tana takaba a Bemara, a ɗakin da ya bar ta, daga ita sai 'yarta Indo. Kai ba ka taɓa zuwa ba. Ƙaramin garin auduga ne a kudancin Cadi, gaba da Mundu. Zangon baƙi 'yan kasuwa, Hausawa da Larabawa, bai wuce gida hamsin ba, sauran duk 'yan ƙasa ne.

Ka riga mu jin cewa shekaranjiya yaƙi ya ɓarke a Injamena tsakanin 'yan arewa da 'yan kudu. Abin da rediyo ba za ta faɗa maka ba shi ne na bakin Falalu, direban nan maƙwabcinmu mai kai kwanuka da atamfa can ta Yola da Garwa. Ya ce tun zuwansa na baya fuskoki sun sauya a kasuwar Bemara. Ya ce in aka taɓa 'yan kudu a Injamena, a kan 'yan zango za a huce. Ranar Juma'a biyu ga Maris zai sake tashi, kuma ya yi alkawarin ajiye wa Husaina da Indo wuri a gaban mota in zai dawo.

Baba ya ƙi. Ya ce 'yarsa ba za ta keta ƙasa uku a motar kaya tana cikin takaba ba, wata huɗu da kwana goma ba shekara ba ce. Na kai ƙara wurin Malam Shehu limaminsu. Malam ya ce mai takaba tana iya barin ɗakin miji idan tsoro ya tabbata, ba jita-jita ba. Baba ya riƙe wannan kalma gam: ya tabbata? Na ce Falalu ya gani da idonsa. Ya ce Falalu direba ne, in taya ta fashe sai ya ce igwa ce.

Daga ƙarshe ya ce a tambayi Ƙasimu. Wai kai ne ka san dokar ƙasashe, kai ne kake zaune inda labarin duniya yake fara sauka. Ka ga ranar shekara shidan da ka yi kana cin tuwon gidanmu. Shekara uku kenan kana rubuta kundi a kan ko ya halatta wata ƙasa ta shiga wata don ta ceci mutanen da ake yankawa, har na ɗauka surutun Turawa ne kawai. To yau ga shi ya zo har ƙofar gida. Tambayar Baba biyu ce. Tsoron ya tabbata? In kuma aka tasar wa mutanen zango, akwai mai zuwa ya hana?

Ka amsa da wuri, kada ka tsaya yi mini lacca.

Yayarka,
Saudatu

Landan
21 ga Fabrairu, 1979

Yaya Saude,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, in ban da mura da ta zama abokiyar zama. Naman da kike magana yana nan, ke ce dai ba ki taɓa yarda ina da shi ba. Ki gaishe mini da Kawu Maje da kyau, Allah ya ƙara masa sauƙi. Wasiƙarki ta iso yau, ga ni na zauna amsawa kafin gidan waya ya rufe.

Kin ce kada in yi lacca, amma tambayar Kawu ta biyu ba ta amsuwa sai da ita. Ki yi haƙuri.

Masana sun rabu gida biyu. Na farko sun ce dokar Majalisar Ɗinkin Duniya a fili take: ba ƙasar da za ta shiga wata da soja, ko ta sa baki a harkar cikin gidanta. Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ma ta fi tsanantawa. Kada ki ɗauka mugunta ce ta sa su. Malamina yana cikinsu, kuma mutum ne mai tausayi. Yana cewa duk wanda ya taɓa cin wata ƙasa da yaƙi, da sunan ceto ya shigo. Ni ma ba ni da bakin musu, tunda da sunan hana bauta aka ci Kano. A yaƙin basasarmu kuma mu da kanmu muka ce wa duniya ta tsaya waje, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Gida na biyu, inda nake, mun ce mulki amana ne. Gwamnatin da take yanka mutanenta, ko ta kasa hana a yanka su, ta ci amana, ba ta da bakin cewa kada a shigo mini. Kuma duniya ta fara karkatowa wajenmu. Indiya ta shiga gabashin Pakistan a saba'in da ɗaya, kisan ya tsaya. Watan jiya sojan Biyetnam suka kori masu kisan Kambodiya. Yanzu haka sojan Tanzaniya suna cikin Yuganda. Malamina yakan tuna mini cewa duk cikinsu kare kai suka ce suna yi, ba ceto ba. Ni kuwa na ce ba komai, in dai an tsira.

To mu dawo Cadi. Akwai sojan Faransa a ƙasar. An tsagaita wuta a Injamena. Ana ta maganar maƙwabta, har da Nijeriya, za su tara shugabannin a teburi ɗaya. Idon duniya yana kan wurin, kuma mai shirin ɓarna ba ya son ido. Na bi jaridun Ingilishi da na Faransanci na kwana goma, babu wadda ta ce an taɓa baƙi a kudu. Tsakanin Injamena da Bemara tafiyar yini guda ce cur a mota. Sannan abin da na karanta a yaƙe-yaƙe da dama shi ne, hanya ta fi gida cin mutane: shinge, 'yan bindiga, ƙishirwa. Mace da yarinya a motar kaya, ni hankalina bai kwanta da shi ba.

Saboda haka ga amsata, ki karanta wa Kawu ita da kyau. A iya abin da na sani, tsoron bai tabbata ba. In ma abu ya taso, ban ga yadda za a zuba ido a wannan zamani ba. Husaina ta zauna ta cika takabarta, a watan Mayu a je a ɗauko ta cikin mutunci.

Ki faɗa wa Falalu ya gaya mata abokin faɗanta yana gaisuwa. Har yau ban yafe mata allona da ta wanke ba a kan na ƙi ba ta gyaɗa.

Ƙaninki,
Ƙasimu

Gyaɗi-Gyaɗi
3 ga Maris, 1979

Ƙasimu,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya, Baba ma da sauƙi, har ya fi kwanakin baya walwala, kuma kai ne sanadi.

Wasiƙarka ta zo ranar Laraba. Daga makaranta ban ko biya gida ba na wuce Tarauni. Zan faɗa maka gaskiya, na buɗe ta a hanya na karanta, na tsaya a gindin wata darbejiya ina tunanin in tsallake ƙarshenta. Baba ba ya karatun boko, abin da bakina ya faɗa shi ne wasiƙa. Da na ce Ƙasimu ya ce a ɗauko ta, da shi kenan. Amma shekara goma sha biyar ina karanta masa wasiƙu ban taɓa ƙara wasali ba, kuma tun da ya sa ni makaranta dangi suna zaginsa, abin da yake taƙama da shi kenan. Na karanta masa duka, har da allonka.

Ya yi dariya, ya ce, "Kin ji ko? Yaro ya yi karatu."

Na ce, "Baba, jarida ce ya karanta. Falalu fuskar mutane ya karanta."

Ya ce, "Ke dai tun kina ƙarama kike da gaggawa."

Yanzu saura ni da kai, Malam Lauya. Ka ce mai ɓarna ba ya son ido. A sittin da shida kana makarantar kwana, ni ina nan Kano. Da rana tsaka aka yi abin da aka yi wa mutanen Sabon Gari, ido bai hana komai ba. Telan da yake ɗinka mana kayan salla ban sake ganinsa ba. A lokacin mu ne masu gari, su ne 'yan zango. Ban ga Indiya ba, ban ga Tanzaniya ba. Su waɗannan da ka lissafa ma, bayan mutum nawa suka zo? Ka duba littattafanka ka faɗa mini, gawa nawa ake tarawa kafin masana su ce ya tabbata. Malam Shehu yana jiran ya tabbata, kai kana jiran ya tabbata, ni kuwa abin da na sani in ya tabbata an gama.

Jiya bayan Juma'a Falalu ya tashi. Na kai masa buhun gero da daddawa da kuka na Husaina, da ɗan kallabi na Indo. Baba ya sa shi ya maimaita saƙo sau biyu: ta zauna ɗakinta, kada ta fita sai kwanaki sun cika, babu abin da zai faru da yardar Allah. Da zai hau mota ya jawo ni gefe ya ce, "Malama, ke ce babba a ɗakinku. Ki ce in ɗauko ta kawai, in na dawo Baba ya yi mini duk faɗan da zai yi." Na ce ya kai saƙon Baba yadda aka ba shi.

Allah ya sa kai ne mai gaskiya. Ban taɓa son a kayar da ni a gardama ba sai yau.

Saudatu

Landan
8 ga Maris, 1979

Yaya,

Ina fata wannan ta same ku lafiya. Ni ba lafiya ba.

Jiya na buga wa Kawu wayar tangaraho, kalma biyar: a ɗauko Husaina yanzu yanzu. Ban sani ba ko ta iso. Jaridun nan sun fara kawo labarin Mundu da kewayenta. Ana cewa ɗaruruwa, wasu na cewa sun fi haka, kuma 'yan kasuwa Musulmi ake bi gida gida. Abin da Falalu ya faɗa, shi ne.

Na janye duk abin da na rubuta. Ki je ki faɗa wa Kawu da bakina cewa tsoro ya tabbata, na yi kuskure. In Falalu bai tashi ba, ya tashi yau. In ya tashi da wancan saƙon, a bi shi da wani, ko ta Garwa, ko ta hannun wani direba. Wasiƙarki ba ta zo ba tukuna, ban san me kuka yanke ba, ina ta roƙon Allah ya sa kin yi mini taurin kan da kika saba.

An tabbatar za a yi taron sulhu a nan Kano cikin makon nan, kuma ana maganar Nijeriya za ta tura soja. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ƙasar Afirka ta tura soja don tsare rayuka a maƙwabciyarta. In suka isa da wuri za a iya tsayar da abin. Ki ga, har yanzu ina yi. Ban san wata magana ba sai wannan.

Ki rubuto ko layi biyu ne.

Ƙasimu

Gyaɗi-Gyaɗi
19 ga Maris, 1979

Ƙasimu,

Gaisuwa. Lafiyar jiki dai akwai. Baba ya daina fita masallaci, ya ce ƙafa ce, amma ba ƙafa ba ce.

Wayarka ta zo ranar tara ga wata, Falalu yana da mako guda a hanya. Ihu bayan hari. Na karanta wa Baba, ya sa na sake karantawa, sannan ya ce a nemo mota. Babu direban da ya yarda. Na je tasha sau uku, duk wanda na ambata wa kudancin Cadi sai ya kama kunnensa.

Falalu ya dawo ranar sha biyu. Da na ji ƙugin motarsa na fito ko mayafi ban ɗauka ba. Mutum arba'in da ɗaya ya kwaso daga zangon Bemara, a tsaye a bayan mota, ya zubar da kayan mutane ya ɗebo su. Na bi su ɗaya bayan ɗaya suna sauka. A gaban mota wata tsohuwa ce Balarabiya da jikarta.

Ga yadda aka yi. Tun a Pala ya ji abin da ya faru a Mundu, ya ratse ta hanyar daji ya shiga Bemara. Gari shiru, ba a fara komai ba tukuna, amma kowa yana ɗaure kaya. Ya yi sallama a ƙofar Husaina, ta amsa daga bayan labule. Shi da aka sa ya maimaita saƙo sau biyu, sai ya fara sauke shi kamar yadda aka ba shi. Da ya gama ya ce, "Wannan na Baba ne. Nawa kuma, ki taso mu tafi, wallahi garin nan ba lafiya."

Ta ce, "Malam Falalu, Baba ya san da yaƙin ya faɗi haka?"

Ya ce ya sani, amma bai san da na Mundu ba.

Ta ce, "An tambayi Ƙasimu?"

Ya ce an tambaya, ya faɗa mata amsarka, har da gaisuwar allo. Ya ce ya ji dariyarta. Ta ce to ai shi kenan, Baba da Ƙasimu ba za su haɗu a kan kuskure ba. Ya ce ta ba shi Indo. Ta ce in ya tafi da Indo wa zai ɗebo mata ruwa ya je mata kasuwa, ita da ba ta fita? Ya roƙe ta har mutanen mota suka fara dukan ƙarfe suna kiransa.

Falalu ya ce zai koma, ya kuwa gwada, daga iyaka aka maido shi. An rufe hanya.

Baƙinka sun zo taro. Kwana da kwanaki motocinsu suna wucewa ta titin Zariya da jiniya, yaran ajina suna rugawa taga. An ce sun sa hannu ranar Juma'a, rediyo har da kiɗa. Na je har ƙofar wani ofishi da sunan Husaina a takarda, wani mai kaki ya karɓa cikin ladabi ya sa a aljihu.

Ba mu da labarin komai. Ina tsoro, Ƙasimu, irin wanda ban taɓa ji ba.

Saudatu

Landan
5 ga Afrilu, 1979

Yaya Saudatu,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Kawu in zai karɓi gaisuwata. Wasiƙunki biyu suna gabana. Ban iya amsa ta farko ba don kunya, ta biyu kuma na yi kwana uku kafin in iya sake buɗe ta.

Sojanmu sun sauka, kin ji a rediyo. Na nemi takardar yarjejeniyar na karanta. A Injamena aikinsu ya tsaya: su raba masu faɗa, su tsare babban birni. Babu layi ɗaya da ya ce su gangara kudu. Na Faransa ma an ce ba aikinsu ba ne shiga tsakanin 'yan ƙasa. Kowa yana da takardar da ta faɗa masa inda zai tsaya, kuma duk takardun daidai suke a doka. Da jarrabawa ce da na ba su maki.

Na zaga duk inda ƙafata za ta iya. Wata ƙungiyar agaji ta rubuta sunan Husaina da na Indo, suka ce sai hanya ta buɗe. A wani ofishin an ba ni shayi. Na je wurin malamina na faɗa masa komai, na ce ga abin da dokarsa ta haifa. Bai yi gardama ba. Ya ce, "In da an ba kowa izinin shiga, kana jin akwai wanda zai tura ɗansa ya mutu saboda gida hamsin a Bemara?" Shekara uku muna jayayya a kan ko an halatta a zo. Ban taɓa tsayawa na tambayi ko akwai mai son zuwa ba.

Kin tambaye ni gawa nawa ake tarawa. Na duba, babu adadi. Kowane littafi cewa yake sai abin ya girgiza zuciyar duniya, ba wanda ya faɗi inda za a same ta.

Na rufe kundin, ban san ko zan sake buɗe shi ba. Husaina ta ce ni da Kawu ba za mu haɗu a kan kuskure ba. Kawu ni ya tambaya, Yaya. Kuskuren guda ɗaya ne, kuma nawa ne. Ina ta gaya wa kaina mutanen zango da yawa sun tsere daji, wasu sun tsallaka Kamaru. Wataƙila tana cikinsu.

Ƙasimu

Gyaɗi-Gyaɗi
13 ga Mayu, 1979

Ƙasimu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ka zauna kafin ka ci gaba da karatu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Husaina ta rasu. Allah ya ji ƙanta, ya sa ta huta. Indo tana nan wurina da ranta.

Hanya ta ɗan buɗe a ƙarshen Afrilu, Falalu ya tafi da motar wayam, ba wanda ya aike shi. Ya ce zangon Bemara babu rufi ko ɗaya a tsaye. Yana cikin zagayawa wata mata ta fito daga gidan da yake jingine da na Husaina, ta gane motar. Sunanta Rozali, 'yar ƙasa ce, Kirista, mai sayar da man gyaɗa. Shekara takwas katanga ɗaya ce tsakaninsu, ita ta karɓi haihuwar Indo. Ta shiga ta fito da yarinyar, an aske mata kai an sa mata tufafin 'ya'yanta.

Kwana tara bayan Falalu ya bar Bemara a watan Maris aka shiga zangon, da hantsi. Rozali ta ji tun daga kasuwa, ta rugo ta haura katangar. Ta ce wa Husaina ta tsallako gidanta, taki uku ne, ba wanda zai nemi Bahaushiya a ɗakin Rozali. Husaina ta ce babanta ya aiko kada ta fita sai kwanaki sun cika, kuma an ce mata akwai masu zuwa. Rozali ta ja hannunta, Husaina ta riƙe ƙofa. Da Rozali ta ji sun karyo kwanar layin sai ta saki uwar ta sunkuci 'yar, Indo tana ihu tana cizonta, ta jefa ta bayan katanga ta bi ta. Ta nuna wa Falalu tabon haƙoran a hannunta. Washegari ita da mijinta suka binne Husaina a tsakar gidan. Ta ce ba su san yadda muke yi ba, amma sun tambayi Indo ina uwarta take fuskanta in tana salla.

A zaure Falalu ya faɗa wa Baba, ina tsaye. Baba bai yi kuka ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Saƙona ya isa gare ta?" Na ɗaga ido ina roƙon Falalu, amma shi ma irina ne, bai iya ƙarya ba. Ya ce ya isa. Baba ya ce, "Yarinya mai jin magana." Tun daga nan in ban da salati ban ji ya ce komai ba.

Ka ce kuskuren naka ne kai kaɗai. Kada ka yi rowa, da ni a ciki. Na yi fushi da kai, har na yi rantsuwar ba zan sake rubuta maka ba, kuma har yanzu fushin bai gama sauka ba. Amma kai kana Landan da jarida. Ni ce na san gaskiya, ni ce mota take tsaye a ƙofar gidana, ni aka ce wa ki faɗi kalma ɗaya. Na zage ka na zagi masananka a kan jiran izini, alhali kwana ɗaya kafin nan ni ma izinin na tsaya jira. Na ji tsoron a ce Saudatu ta tsallake maganar ubanta. A duk cikinmu, masu ilimi da masu soja da masu biyayya, mai man gyaɗa ce kaɗai ta shiga gidan da ba nata ba ba tare da ta tambayi kowa ba, kuma rabi ta iya fitarwa. Kundinka kuwa, ka buɗe ko ka rufe, ni ba ruwana.

Indo tana ci, tana barci jefi-jefi. Ba ta wasa. In na ce ta fita wurin yara sai ta tsaya a bakin ƙofa ta dawo. Ranar Alhamis na kai ta Tarauni. Baba ya dube ta, ya kasa, ya juya fuskarsa bango. Da muka dawo muka zo ƙofar gida, sai ta ja mini zane ta ce, "Inna Saude, ki gaya wa Kaka ba ni na fita ba, ɗauka ta aka yi. Na ce mata an hana. Ya daina fushi da ni."

Na riƙe hannunta muka shiga gida. Kai ne mai amsa tambayoyin gidanmu, Ƙasimu. Ka rubuto abin da zan faɗa mata, zan karanta mata shi yadda ka rubuta.

Wassalam.
Saudatu